Rasuwar Tagar Gabas ta Gidan Eusebio

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Eusebio Treviño, tsohon mai kamun jatan lande a ƙauyen Punta Garza, gaɓar tekun Texas, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabtan da suka rage rasuwar tagar ɗakina ta gabas. Ta cika ranar Talata da hantsi, daidai lokacin da aka kunna injinan sabon kumbon da ake gwadawa a hayin fadama.

Marigayiyar ta shigo gidan nan a bayan motar surukina, shekarar da na auri Consuelo, Allah ya jiƙanta. Gilashi ne guda, faffaɗa, da ɗan kumfa a kusurwar hagu, wanda in ka leƙa ta cikinsa sai ka ga jirgin ruwa ya lanƙwashe kamar ayaba. Ta sha guguwar teku ba ta taɓa ƙorafi ba. Ba ta da tsegumi. Tana nuna maka duniya, ba ta nuna wa duniya kai.

Da masu kumbo suka zo suka kafa hasumiyarsu, maƙwabta suka yi ta sayar da gidaje suna tafiya, sai ta zame mini makaranta, ni da na bar aji tun ban iya raba lissafi ba. Ta cikinta na ga ƙarfe mai tsawon bene ya tashi, ya juya a sama kamar kifi, ya faɗo ya tarwatse, aka share wurin aka ƙera wani. An ce wata rana irinsa zai ɗauki mutane ya wuce wata da su, har jar duniyar nan da babu ruwa. Nakan zauna ina tunanin ko su ma za a yanka musu taga, kuma wa zai riƙa goge ta.

Tana da murya. Kafin kunne ya ji rugugi ita ta riga ta ji: zzzz, a hankali, sannan kar-kar-kar, kamar haƙoran mai zazzaɓi. Doka ita ce in an busa jiniya kowa ya fita tsakar gida, nesa da gilashi. Ni sai in ɗora tafin hannuna a kanta mu yi makyarkyatar tare.

Ciwon ajalinta ya fara bara, wata 'yar tsaga kamar silin gashi. Na yi mata salatif. Na shafa mata jan farcen maƙwabciyata Chayo. Da tsagar ta yi rassa na jawo tukunyar shukar barkono na tare wurin. Chayo ta leƙo ta ce, “Kai tsoho, wannan ba jinya kake yi ba, gawa kake ɓoyewa.” Ranar Talata marigayiyar ba ta yi kar-kar ba. Tas kawai ta ce, sau ɗaya, ta zube a ƙafafuna. Ban riƙe masu kumbo a zuciya ba. Kumbonsu ne abin da ta mutu tana kallo, kuma ya yi kyau.

Ta bar labule, da katakon da ya riƙe ta, wanda yanzu ya saki baki sauro na shiga, da kujerata, da ƙanwarta tagar banɗaki, wadda aka haifa da dishi-dishi ba ta ganin komai.

Ta kuma bar ni cikin halin da ban san yadda zan faɗa ba. 'Yata Graciela, ma'aikaciyar jinya a San Antonio, ta taɓa tsayawa gaban tagar nan ta ce, “Baba, ranar da wannan ta fashe, ranar za ka haɗa kayanka. Ba zan zo ina tsintar gilashi a fuskarka ba.” Ta sa na rantse a gaban hoton uwarta. Na ga ɗakin da ta gyara mini. Yana da tsabta. Tagarsa tana kallon bangon wurin wankin mota. Kumbon da aka ce zai zagaya wata ya dawo kuwa, wata mai zuwa za a harba shi, kuma jikina ba ya gaya mini zan ga na bayansa.

An tattara gawar a kwandon jatan lande. Za a binne ta ranar Alhamis da safe a gindin lemon da ke bayan gidan, in masu kumbo ba su rufe hanya ba. Masu zuwa su sa takalmi mai kauri. Chayo za ta dafa kofi.

Kada a kawo furanni. Wanda yake da gilashi a ɗakin ajiya, ko na gidan da aka rushe, tsawonsa daga ƙuguna zuwa saman kaina, faɗinsa hannu biyu a buɗe, don girman Allah ya zo da shi, ko da tsoho ne, ko da yana da tabo. Wanda yake da lambar Graciela kada ya yi mata ta'aziyya. Na rantse zan tafi in ta fashe, ban rantse zan kai rahoto ba.

Ranar Asabar Graciela za ta zo ziyara. In har lokacin ba a samu gilashin ba, waɗanda suka halarci jana'izar su dawo da sassafe, a taya ni ɗora kujerar a mota.