Birkin da Kawu Sale Ya Taka

Har gobe ban manta ragon nan na hanyar Mai'adua ba. Ina tuƙa motar koyar da tuƙi ta Kawu Sale, ƙanin Mama, yana gefena, sai ga rago ya faɗo titi. Na taka, mota ta tsaya cak. Ranar gwajina ce fa: Baba ya ce in Kawu ya shaida na iya, zai bar min motarsa in riƙa zuwa aiki asibiti.

Muna dawowa Daura, tun daga zaure na fara ba da labari (har da kwaikwayon yadda ragon ya zaro ido). Kawu ya bari na gama, ya ajiye kofin fura, ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, kuloci ta taka. Birkin ɓangarena ne ya tsayar da mota."

Wallahi ni a jikina na ji ni na tsayar da ita. Abin haushin, wannan na karanta a jami'a. Ƙwaƙwalwa tana tura wa ƙafa umarni, ta yi hasashen abin da zai biyo baya. In ya faru a daidai lokacin, sai ta ce "ni na yi", ba ta tsayawa bincike. Na ci jarrabawa a kansa, sai ga rago ya kayar da ni.

Sati uku ina atisaye, a gida kuma sunana ya koma Hajiya Kuloci.

Aka sake gwaji a motar Baba, Baba yana zaune a baya, Kawu a gefena. A hanyar Baure amalanken shanu ya shigo ba sallama. Na taka, muka tsaya lafiya lau.

Kawu ya juya. "Ka gani ko, Alhaji? Da ban taka ba, da yanzu muna cikin shanu."

Na ce, "Kawu, duba ƙasa."

Ƙafarsa na danne da shimfiɗar mota iya ƙarfinsa. Motar Baba birki ɗaya gare ta, kuma yana ƙarƙashin ƙafata.

Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Riƙe makullin, 'yar nan. Sale, ɗaga ƙafa, mun tsaya."

Yanzu in zuciyata ta ce "ni na yi", sai na leƙa ƙasa tukuna. Ku fa, wane birki kuke taƙama kun taka, alhali ƙafar wani ce a kai?