Babban Kwaɗo Ya Ci Lambar Yabo

Yabon gwani ya zama dole. A duk shugabannin kamfanonin inshorar lafiya, ba a taɓa yin wanda ya ɗauki tsaron bayanai da zafi kamar Manajan Daraktanmu ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki.

Ranar da ya dawo daga wani taro a ƙasar waje, ya tara ma'aikata, ya bugi ƙirji ya ce, "Asirin marasa lafiya amana ce a wuyana. Daga yau ni ne kwaɗon ƙofar kamfanin nan." Aka tafa, sunan kuma ya bi shi. Shi kwaɗon kulle yake nufi. Su kuwa ma'aikata, da suka ga yadda maƙogwaronsa ke kumbura in yana jawabi, na bakin tafki suka hango.

Dokoki suka fara sauka kamar ruwan sama. Kowa ya canza kalmar sirri duk wata, kuma ta yi tsawon da mai ita ma sai ya yi gumi kafin ya tuna. Wanda ya tashi fitsari bai kulle kwamfuta ba, takardar gargaɗi. Aka manna hoton Babban Kwaɗo a kowane bene, har ƙofar banɗaki, ya ɗaga yatsa yana harara.

Aka shirya bita ta dole kan saƙonnin yaudara. Shi ya buɗe ta da jawabin da ya cinye rabin lokacin, aka ɗauki hoto, ya fice. Da shugabar sashen kwamfuta ta bi shi da roƙon ya zauna, ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Malama, likita ake yi wa allura? Ni na kawo dokar nan." A kan hanya ya ƙara da cewa a cire masa wannan lambar da ke shigowa wayarsa kafin kwamfuta ta buɗe, tana ɓata wa manya lokaci. Aka cire.

Wata safiya imel ya shigo masa. Wata ƙungiya da bai taɓa jin sunanta ba ta zaɓe shi Gwarzon Tsaron Bayanai na Duniya. Bai yi mamaki ba, jinkirin da suka yi kawai ya ɗan ɓata masa rai. Abin da ya rage shi ne ya latsa nan, ya sa sunansa da kalmar sirrinsa ta ofis don a tabbatar shi ne. Ya sa. Shafin ya yi shiru, ya sake sawa a hankali, kada gwarzo ya yi kuskure. Sannan ya kira tela a auna shi don kayan karɓar lambar yabo.

Kafin ɗinkin ya fito, kwamfutocin kamfani suka ƙi buɗewa. Asibitoci suka fara mayar da masu katinmu gida. Ciwon da mutum ya ɓoye wa maƙwabcinsa ya fito fili a intanet, da suna da lambar waya. Falon karɓar baƙi ya cika da mutanen da ba gaisuwa ta kawo su ba.

Babban Kwaɗo ya kumbura. "Akwai maci amana a cikinmu," in ji shi. "Wani sakarai ya buɗe wa 'yan kutse ƙofa. Ko ɗan'uwana ne, yau zai kwashe kayansa." Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ya ɗauko masu bincike daga waje, ya ce a karanta sakamakon a gaban kowa don ya zama darasi.

Aka karanta a gaban kowa. Mai binciken ta haska saƙon lambar yabon a bango, da sunan wanda ya latsa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Amma namiji ba ya rasa ta cewa. Ya gyara wuyan riga ya ce, "Da gangan na yi, don in gwada ku. Kun faɗi jarrabawa." Ba wanda ya tafa. Masu kamfani suka ba shi hutun da bai nema ba, suka karɓe makullin ofis.

A gida ya tarar da nasa hukuncin. Surukarsa tana cikin masu katin, kuma dangi kaf sun karanta abin da ke damunta, har ana bugo mata waya da tallan magani. Uwargida ba ta ɗaga murya ba. Da ya zauna a falo zai duba labarai a waya, ya ga intanet ɗin gida ya ƙi shi.

"An canza kalmar sirri ne?" ya tambaya.

"An canza."

"To, faɗa mini."

Ta miƙo hannu ta karɓi wayar. "Baban yara, ni zan sa maka. Juya ka kalli bango."

Ya juya.