Koriyar Kwalba a Firjin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwar Manfuha ba. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, rabi da Ilu, rabi da kaina. (Ƙarya nake yi, nawa kason ya fi yawa.)

Lokacin watana huɗu da zuwa Riyad. Ƙanen mahaifiyata, Kawu Mamman, shi ya yi mini hanya daga Tasawa, ya samo mini aikin dakon kayan gwari a kasuwar Aziziya, ya ba ni katifa a ɗakin da muke kwana mu biyar. Alheri ne, ban musa ba. Amma Kawu mutum ne da idan ya yi maka alheri sai ya riƙa karanto maka shi safe da yamma kamar lazimi. Ni ne mai wanke-wanke, ni ake aike shago sayen burodi, ni ake ce wa "yalla, yalla", wato in yi sauri, ko ruwa ban gama sha ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk Juma'a sai ya kira Inna a waya ya ba ta rahotona a gabana: na makara sallar asuba, na ƙona shinkafa, na cika kallon waya. Ni da shekara ashirin da bakwai ina zaune ina yaƙe.

Ran nan na dawo masallaci cikin zafin da ke narka takalmi, tun safe ban sa komai a cikina ba. Ilu, wani ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya, wanda bai san ranar daina tsokana ba, ya buɗe firji ya miƙo mini wata koriyar kwalba mai sanyi. Na kafa kai. Sai da na kusa shanyewa na ji ɗaci-ɗaci, na ga kumfa. Ilu ya dafe kai, ya rage murya ya ce, "Kai, ka shanye? Giya ce fa. Ta ɓoye aka shigo da ita, wani ya ba ni ajiya."

Nan take jiri ya ɗebe ni. Wallahi na ji ɗakin yana juyawa. (Yunwa ce da rana, amma wa zai gaya mini a lokacin?) Na fara salati, na fara tunanin bulala da jirgin komawa gida. Sai wani tunani ya faɗo mini, wanda shi ne asalin abin kunyar. A tashar Tasawa akwai wani mashayi da yake tsayawa ya wanke kowa tas, daga shugaban tasha har masu shayi, mutane na dariya suna cewa, "A ƙyale shi, giya ce." Na ce a raina, to, tunda an riga an yi, yau ni ma ranata ce.

Kawu ya shigo, aka shimfiɗa leda, aka juye kabsa, wato shinkafa da kazar da muke haɗuwa a kai duk Juma'a. Ya ɗauki waya zai kira Inna. Na ce, "Ajiye wayar nan."

Hannun kowa ya tsaya a cikin tire.

Ni da ban taɓa ce masa "kai" ba, sai dai "ku", na dube shi ido cikin ido na zazzage masa buhun wata huɗu. Na ce ni ba bawansa ba ne. Na ce minsharinsa ya fi injin firji ƙara. Na ce shi ma yana makara asuba, na sha ganinsa. Har da lilo nake yi da kai irin na mashayin tasha, don kada a ce ban bugu ba. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma sai na ce, "Kai mai kai rahoton ɗan wani, shekara shida ba ka leƙa gida ba. 'Yarka Hadiza da aka haifa bayan tafiyarka, ka san abin da take ce maka? Mutumin waya. Ina wurin ta faɗa."

Kawu ya ajiye wayar. Ya share hannunsa, ya tashi. Ilu ya bar dariyar da yake ƙunshewa, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na je na zube a katifa, na yi barcin da na ɗauka na maye ne.

Da la'asar na farka. Idan Kawu ya ce in tattara kayana, ban san ƙofar kowa ba a garin nan. Amma ina da mafita a aljihu. Na yi wanka, na yi istigfari, na ɗauki kwalbar a matsayin shaida, na durƙusa gabansa.

"Kawu, ku yi mini aikin gafara. Ba ni ba ne. Giya aka ba ni ban sani ba, ita ce ta yi magana."

Ya karɓi kwalbar ya juya ta. Ya tashi ya buɗe firji, ya zaro irinta daga bayan robar yogot, ya ɓalle murfin, ya yi bismilla, ya kurɓa a gabana.

"Ruwan sha'ir ne," in ji shi. "A kowane shago ana sayarwa. Ina sha ne saboda tsakuwar ƙoda. Babu ɗigon maye a ciki."

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Duk lilon nan, duk lumshe idon nan, ashe da hankalina garau na yi su, a gaban ƙarti uku, kan maganin ƙodar tsoho.

Kawu ya zauna yana kallon kwalbar. Sannan ya ce a hankali, "Da ma giyar ce, ɗana. Da na ce ƙarya ta yi."

Bai kore ni ba, kuma da ya kore ni ina jin da ya fi mini sauƙi. Ya daina kai rahotona, ya daina aikena, ya koma gaishe ni kamar baƙon da aka haɗu da shi a masallaci. Ilu kuwa na yi wata biyu ban amsa sallamarsa ba, duk da na san shi kwalba kawai ya miƙo, bakin nawa ne. Bayan babbar salla Kawu ya nemi hutu wurin mai gidansa ya tafi gida. Ni na ɗaukar masa jaka zuwa mota, cike da rigunan yarinya, kuma har motar ta tashi bai dube ni ba.

Yanzu idan aka tayar da gardamar ko mashayi gaskiya yake faɗa, sai in ce a tambayi wanda ya taɓa sha. Ni abin da na sani, wanda magana ta cika masa ciki ba giya yake nema ba, abin da zai ɗora wa laifi yake nema. Nawa kuwa Kawu ya shanye shi a gabana, da bismilla.