Nomau Ya Nuna wa Inna Gari

Gari ba ya cika gari sai yana da abin da za a nuna wa baƙo. Tudun Gawo yana da shataletale har biyu, ɗaya ma an ce za a sa masa fitila.

Shekarun baya gonakin dawa ne a wurin. Sai babban birni ya cika ya batse, ya fara zubo mutane ta wannan gefen, kowa ya yanki fili, ya zagaye da katanga, ya ɗora waya mai ƙaya a sama, ya shige ya rufe ƙofa. Cikin waɗanda suka zubo har da Malam Yusha'u, ma'aikacin gwamnati, mutum mai yawan damuwa da abin da bai faru ba tukuna. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Murja mai koyarwa a firamare, da Nomau.

Nomau ɗan ƙanin mahaifin Malam Yusha'u ne, a gida ɗaya suka tashi a ƙauyen Dinya. Ƙato ne, ya haura talatin, ba ya ƙarya, ba ya musu, ba ya mantuwa. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Mutane da yawa suna addu'ar samun irinsa, har sai sun samu.

A daminar bara Inna Tasalla, mahaifiyar Malam Yusha'u, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, kogi kuma ya cika ya raba Dinya da titi. Sai da ruwa ya janye aka iya kai ta asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, kuma kada damina ta sake riskar ta a hayin kogi. Inna ta ce ita ba ta ga laifin da Dinya ta yi mata da za ta gudu ba. Da ƙyar, bayan an haɗa da dangi, ta yarda ta zo ganin gari da bazara, bisa sharaɗi: ranar da hadari ya haɗu, za ta koma ta yi shuka. Wato in garin bai shiga ranta ba kafin ruwan farko, shi ke nan. Tun daga ranar Malam Yusha'u ya koma duba sama kafin ya gaisa da kowa. Shi yana ofis, Murja na makaranta, don haka aikin nuna gari ya faɗa kan Nomau.

Wata rana Malam Yusha'u ya ce, "Nomau, ka tari adaidaita sahu ka kai Inna shataletalen nan mai siffar tulu a tsakiya. Ku zagaya. Kada ku baro wurin sai ta ce ta gani."

"Sai ta ce ta gani, Yaya."

Da keken ya karkata ya shiga kwana, Inna ta runtse ido ta kama salati. Suka zagayo.

"Inna, kin gani?"

"Ban ga komai ba, ɗan nan. Allah dai ya raba mu da wannan abu lafiya."

"Direba, ƙara."

Suka ƙara. Suka sake ƙarawa. Direba ya waiwayo ya ce, "Malam, wai wani kuke nema ne?" Nomau ya ce a'a, jira suke yi. Ɗan sandan da ke ba da hannu ya fara ɗaga musu hannu kamar tsofaffin sani, mai sayar da rake kuwa har ya ajiye wuƙa ya zauna kallo. Ba su tsaya ba sai da mai ya ƙare. Da Malam Yusha'u ya dawo ya tarar da Inna kwance riƙe da kai, ya durƙusa ya tambaye ta yadda ta ga gari. Ba ta kiran sunansa, da yake ɗan fari ne. Ta ce, "Yaron nan, garinku ba shi da gaba ne? Sai zagaye?"

Wata rana Malam Yusha'u ya ce a kai ta babban kantin da aka buɗe a bakin titi, mai sanyi kamar randa, mai matakalar da ke tafiya da kanta. Ya ja Nomau gefe. "Ka san Inna da kunya, ba za ta ce tana son abu ba. Duk abin da ka ga ta taɓa, ka ɗauko mata."

Inna ba ta taɓa komai ba. Ta naɗe hannuwanta cikin mayafi tana gaishe da mutane, su kuma suna wucewa da kwandunansu, kowa kunnensa a waya. Can a sashen tufafi ta ga wata doguwar budurwa tsaye cikin leshi, ba ta gaggawa. Inna ta matsa, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Sannu 'yar nan. 'Yar gidan wa ce ke?" Mutum-mutumin nuna kaya ne. Nomau ya sunkuya ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi ƙofa, ƙafafunta na bugun gwangwanayen madara suna zubowa.

Aka kira Malam Yusha'u daga ofishin masu gadi. Ya iso yana gumi, ya ba da haƙuri ga duk wanda ya gani da hula, har da wani wanda shi ma sayayya ya zo. A hanyar gida Inna ta ce, "Ka bar faɗa. Duk cikin gidan nan ita kaɗai ta tsaya ta saurari gaisuwa." Malam Yusha'u ya ɗaga kai sama. Yana kallon gabas, inda wani ɗan gajimare ke tsaye ba tare da wani dalili mai kyau ba.

Wata rana ya ce su taka da ƙafa ta ga sababbin unguwanni, gidajen bene da makarantu masu fenti. "Amma ka ji, kada ka bari ta ga abin da ba shi da kyau. Bola, kwata, kangon da ba a gama ba, duk kada ta gani."

Nomau ya ɗauki baƙar lema. Suna fita ƙofa ga kwata, sai ya buɗe lemar ya tare gaban Inna. Suka wuce kwata, ga bola. Suka wuce bola, ga kango, bayan kango wani kangon, bayansa ramin da aka haƙa don magudana tun bara aka manta. Nomau mutum ne mai amana, bai sauke lema ba har suka dawo. Murja ta tambayi Inna me ta gani. Inna ta ce garin baƙi ne wuluk, kuma yana da haƙarƙari.

Wata rana, Asabar ce, Malam Yusha'u ya yanke shawarar daina ƙirƙiro umarni. Ya ce, "Ku je lambun shaƙatawa da safe, akwai ciyawa da tafki. Kada ka yi dabarar kanka. Abin da ka ga mutanen gari suna yi, shi za ku yi."

Abin da mutanen gari ke yi a lambun da safiyar Asabar shi ne gudu. Manyan mutane masu tumbi, cikin gajerun wanduna, suna zagaya tafki suna haki. Nomau ya dube su, ya dubi ƙafafun Inna, ya gane akwai matsala, ya kuma warware ta. Ya ari baro wurin mai ban ruwan furanni, ya shimfiɗa rigarsa a ciki, ya zaunar da Inna, ya bi sahu. Da yake ya fi su ƙarfi, ya wuce su duka. Wani alhaji ya yi ƙoƙarin riƙe matsayinsa, ya haƙura ya zauna a ciyawa.

Wannan karon Murja ce ta je ta taho da su. Inna ta sha maganinta, ta huta har bayan azahar, sannan ta ce, "Gudun bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, dattawa suna gudu haka, babu wanda ya tare su ya ce lafiya. A nan in mutum ya faɗi a ɗakinsa, sai yaushe maƙwabci zai sani?"

Malam Yusha'u kansa bai san sunan mai gidan da ke jikin katangarsa ba. Ya san motarsa dai.

Washegari iska ta juya. Zafi ya yi nauyi, gabas ta yi duhu, Inna ta ɗaure ƙullin kayanta ta ajiye a bakin ƙofa inda kowa zai yi tuntuɓe da shi. Malam Yusha'u ya kasa karyawa. Ya riƙa ganin kogin Dinya a cike, da Inna a kwance a hayi, da shi kansa a wannan gaɓar riƙe da waya.

Wata rana, wadda ita ce ta ƙarshe in ba a yi sa'a ba, ya zaunar da Nomau ya yi masa magana a hankali, kamar mai kwance bam.

"Ka kai ta wuri mai inuwa. Ba hayaniya, ba mota, ba gudu, ba abin sayarwa. Wurin da duk wanda aka kai ba ya dawowa da ƙorafi. Ka gane?"

Nomau ya yi tunani har goshinsa ya tattare. Sannan fuskarsa ta washe. "Na san wurin, Yaya."

Wannan washewar fuskar ce ta hana Malam Yusha'u aiki. Wajen la'asar Murja ta kira shi a waya. Wata malamar makarantarsu ce ta hango su Inna a bayan gari. Nomau ya kai Inna maƙabarta.

Malam Yusha'u bai san yadda ya hau acaɓa ba. Tsohuwa mai hawan jini, wadda ake lallashi ta zauna, an kai ta an nuna mata kabari! A hanya ya shirya abin da zai faɗa wa Nomau, ya shirya haƙurin da zai ba Inna, ya kuma fara tunanin motar da za ta mai da ita Dinya.

Ya same su a waje, gindin wani tsohon gawo da ke jikin gajeriyar katangar maƙabartar, wanda ashe shi ne gawon da garin ya ci sunansa. Inna na zaune a kan saiwa, ta miƙe ƙafa. Nomau na tsaye yana yi mata fifita da hula.

"Inna, don Allah ki yi haƙuri, wallahi ba haka na..."

"Yi shiru, yaron nan. Matsa, ka tare mini."

Ya matsa. Jana'iza ce ke tahowa. Mutane sun cika hanyar, ana karɓa-karɓar makara daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Mai shayi ya rufe tukunyarsa ya bi. Masu ɗora bulo a wani kango sun sauko da siminti a hannu sun bi. Wata baƙar mota ta tsaya, mai ita ya fito ya cusa kafaɗarsa ƙarƙashin makarar. Malam Yusha'u ya gane motar. Ta maƙwabcinsa ce.

"Na aiki Nomau ya tambayo wane ne," in ji Inna. "Faɗa masa."

Nomau ya ce, "Wani mai gyaran takalmi ne, Yaya. Baƙo ne, bai daɗe da zuwa ba. Na tambayi mutane da yawa, ba wanda ya san garinsu."

"Ka ji," in ji Inna. "Ba su san shi ba, ga su nan kuma." Ta ɗebi ƙasa a gefenta ta murza a tafin hannu. "Ja ce, ba ta riƙe ruwa, za ta yi kabari mai kyau. Ta fi ta Dinya ma. Tun da na zo kuke nuna mini inda ake kashe kuɗi da inda ake jiri. Ni abin da nake son sani ke nan: in ta Allah ta kasance, akwai masu ɗauka ko babu."

Wani ganye ya faɗo mata a cinya. Ta ɗaga kai ta dubi gawon, wanda shi sai damina ta zo yake zubar da ganye. "Ruwa ya kusa," ta ce.

Malam Yusha'u ya waiwaya ya dubi gabas.

"Gobe da sassafe Nomau ya tafi Dinya kafin kogi ya kawo. Irin shukata a ba Gwaggo Ladi ta can gida. Ya taho mini da turmina da akuyar nan mai ciki." Ta miƙa hannu Nomau ya tashe ta. "Ni zan faɗa masa da bakina. In kai ka faɗa, ɗakin zai ɗauko."

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Inna na nan, tana shan magani, ta kuma san sunan kowa a layin har da mai baƙar mota, wanda yanzu bai isa ya wuce bai sauke gilashi ba. An sa wa shataletalen fitila, an buɗe kanti na biyu. Cikin duk wuraren da Tudun Gawo ke nuna wa baƙi, guda ɗaya tak Inna ta taɓa yabawa, kuma har yau ba ta shiga ba.