Ƙafa Ɗaya Ta Riga Ta Ɓaci

"Sannu da hutawa, ango. Ya jikin tsufa? Har yanzu dai ana numfashi?"

"Da sauƙi nake, sai ga ki."

Haka Hauwa ta faɗo zauren kakanta Malam Lawan a Hayin Banki, da farin takalmin kambas a leda. Wanda ya san tashar Kawo a da ya san hannun tsohon nan, don zakuna da furannin da ke jikin motocin katako kusan duk aikinsa ne. Da injin feshi ya shigo, direbobi marasa kunya suka juya masa baya, hannun kuma ya kama rawa. Ranar ta tarar ya tattara duk wani buroshi da ya mallaka ya ɗaure da tsumma.

"Wannan ƙunshin fa? Lefena ka fara haɗawa?"

"Wa zai kai lefe gidan mai ƙafa kamar faranti? Bola za su. Ni da su mun gama aiki."

"To kafin ka cika, ga kambas. Bikin ƙawata Turai ne ran Asabar, mun yi anko, kowacce da jan fure a takalminta. Ƙawayena duk sun kai wa Husaini mai feshi a Kurmin Mashi."

"Ki bi su mana. Ya ɗora kwali mai huda, ya yi fuuu kamar mai kashe sauro, shi ke nan. Furen kowa iri ɗaya."

"Nasa dai ana gane fure ne. Kai fa? An ce zakin da ka zana wa motar Funtuwa har yau akuya ake ce masa."

"Ƙarya kike! Zakin nan ya sha korar 'yan fashi a hanya."

"Dariya ce ta kayar da su."

"Ke har kina da baki? Ran da aka haife ki ungozoma ta aiko in zo in gyara miki hanci, na ce wannan ya fi ƙarfin fenti."

"To gyara takalmi. Ko tsoro kake ji?"

Tsoron kuwa yake ji, amma ina zai yarda a gaban jika? Ya zaro buroshi ɗaya, ya ɓalle murfin jan fenti, ya tsoma. Ganyen farko ya fita ras, har Hauwa ta fara murmushi. A na biyu hannun ya ƙwace. Ja ya zarce gefe, ya gangaro har kan igiyar takalmin. Tsohon ya daɗe yana kallon yatsunsa, sannan ya mayar da buroshin cikin tsumma ko wankewa bai yi ba.

"Kin gani ko? Yanzu ko cokali sai na kama da hannu biyu. Ki kai wa Husaini ya fesa fari ya rufe, ya yi miki nasa. Ki ce masa ya yi nasara."

Hauwa kuwa ba ta da wani takalmin fita sai wannan. Ta ɗaga shi sama.

"Wannan fure ne, ko zakara aka yanka a kai?"

Bai rama ba. Tun da take a duniya bai taɓa barin zaginta ya wuce ba ramuwa, wannan shirun kuwa ya fi ɓacin takalmin tayar mata da hankali. Ta san sarai fari zai rufe ɓarnar. Ta lalubo ɗayar ƙafar ta dangwara masa a cinya.

"Ka cuce ni, tsoho. Ƙafa ɗaya ta riga ta ɓaci, injin Husaini kuwa bai iya karkarwa ba, ina zai samo min irin wannan? Ɓata ɗayar ma su zo daidai."

"Za su yi miki dariya a gidan biki, Hauwa."

"Da ma suna yi, tun da suka ji kai zan aura."

Malam Lawan ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi, ya goge ido da gefen riga.

"Ja'ira. Kwance tsumman nan ki ba ni ƙaramin buroshin. Ki zo ki riƙe min wuyan hannu, kar ɓarnar ta wuce ta farko."