Gashin Bakin Delbert da Motar Surukinsa

"A duk jihar Indiyana babu mahaluƙin da ya san cikin motar 1957 kamar ni. Shekara ɗaya aka haife mu da ita. Tari kawai za ta yi, in gaya muku abin da ta ci jiya!"

Delbert Krantz ke nan, yana kan kujerar Gus mai aski, an ɗaure masa wuya da farin ƙyalle kamar jaririn da za a ɗura wa magani.

Abokina, kada ka ɗauka injiniya ne. Shekara talatin da takwas katifa yake sayarwa. Sai da ya yi ritaya ya gano sifana baki biyu gare ta. Amma Allah ya hore masa abu biyu: murya kamar fasasshiyar salansa, da gashin baki. Gashin bakin nan ba na wasa ba ne. Ya kusa faɗin bambar mota, ƙarshensa a murɗe yana kallon sama, kullum da safe sai an shafa masa kaki an taje shi. Matarsa Marlys shekara arba'in tana tare da shi, leɓensa na sama labarinsa kawai take ji.

Motar kuwa ta mahaifin Marlys ce, ya rasu ya bar mata. Koriya ce mai farin rufi, da fuka-fuki a baya. Shekara talatin tana lulluɓe a rumbun gona, babu abin da ke damunta sai ƙura da sheƙar ɓera. Kowane noti nata yana inda masana'anta ta ɗaura shi.

Gus, wanda shi ne alƙalin baje kolin tsofaffin motoci da ake yi a garinmu kowane watan Yuli, ya dakata da almakashi ya ce, "Del, kofin Motar Asali fa ba don ƙyalli ake ba da shi ba. Akwai ƙa'ida."

"Ƙa'ida ta 'yan koyo ce. Ka saurara da kyau, wanzami. In ban ɗauki kofin nan ba, ka aske gashin bakin nan a tsakiyar fili, a gaban kowa."

Gus ya juya wajen masu jiran layi. "Kun dai ji?"

"Mun ji!" in ji su, har da wani kurman tsoho da sai da aka maimaita masa.

Gus ya miƙa masa takardar ƙa'idoji. Da Delbert ya koma gida, da ita ya goge sandar duba baƙin mai.

Da kafireta aka fara. Wanki kawai take so, amma gwani ya ce sai ya ga hanjinta. Yana kwance noti na huɗu wani ɗan sifirin ya yi tsalle, ya daki goshinsa, ya shige duniya. Kwana uku Delbert yana rarrafe a gareji yana nemansa. Ran na huɗu ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya ce dama can kafiretar ta mutu. Ya buɗe littafin 'yan kasuwa ya yi odar sabuwa mai walƙiya.

Ka san yadda muke yi: abin da ba ka so, ka ajiye shi a bakin titi da kwali an rubuta "kyauta". Ko awa ba a yi ba sai ga maƙwabciyarsa Opal Brandt da baro. Opal 'yar siririyar tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Shekara talatin tana tuƙa motar 'yan makaranta, in ta mace mata a hanya cikin ƙanƙara, ita ke shiga ƙarƙashi da kanta.

Ta jujjuya kafiretar. "Del, wannan ka gama da ita?"

"Gawa ce. Ɗauki ki shuka fure a ciki."

"Sifirin ɗaya fa kawai ta rasa."

"Ke Opal, kwasar yara daban, ilimin inji daban. Tura baronki, Gimbiyar Bola."

Ta ce ta gode, ta tura baronta.

Sabuwar kafireta ta iso, ta ƙi zama a kan tsohon inji. Da mai hankali ne, mayar da ita zai yi. Delbert cewa ya yi injin ne bai waye ba. Aka kawo sabon inji, ƙato, irin wanda zai ja jirgin ƙasa. Tsohon ya tafi bakin titi, Opal ta zo da taraktar ƙaninta. Sabon inji ya ƙi gaisawa da tsohuwar giya. Giya ta tafi bakin titi. Lagireto ta yi masa kaɗan, ita ma ta bi sahu. Da ya zo rufe bonet, bonet ya tsaya a kan injin kamar hular yaro a kan ƙaton kai.

"Shi ma ya tsufa," in ji Delbert.

Haka aka ci hunturu. Mai kawo kaya ya saba da gidan har karen Delbert ya daina yi masa haushi, ya koma raka shi. Ta ƙofar gaba sabo na shigowa, ta bakin titi tsoho na fita, baron Opal kuwa sai da aka canza masa taya.

Ranar da ya fitar da kujerar gaba, Marlys ta tsaya a ƙofar gareji da kwanon ƙullun burodi a hannu.

"Del, a kan kujerar nan Baba ya koya min tuƙi."

"Shi ya sa take warin tsufa. Fata ja zan saka miki, mata, ki zauna kamar matar gwamna."

"Ni kujerar ubana nake so."

"Ki bar wa masu ilimin abin."

Marlys ta dube shi, ta dubi kujerar, ta koma cikin gida. Daga ranar kullum bayan abincin rana sai ta ɗauki jaka ta ce za ta wajen Opal saƙa. Ta dawo da yamma farcenta baƙi ƙirin.

"Wane irin zare ne wannan mai shafa baƙin mai?" in ji Delbert.

"Sabon yayi ne. Ka bar wa masu ilimin abin."

Saura bodi. Delbert ya hango wata 'yar tsatsa a gindin ƙofa, ba ta kai girman farce ba. Ya aro na'urar walda, ya ce minti biyar. A minti na uku tsummokaran gareji suka kama da wuta. Ya fito a guje, hannu biyu a kan gashin baki, yana ihu, "Marlys! Ruwa! Ki fara da fuskata!" Marlys ta ja tiyon ban ruwan fure ta fara da motar. Bodi bai ƙone ba, hayaƙi ne kawai ya yi masa baƙi, wanda sabulu zai fitar. Delbert ya zagaya shi sau biyu yana ɗigar ruwa, ya yanke hukunci: ƙarfen zamanin da ba ya jure zafi. Ya yi odar sabon bodi, irin wanda ake bugawa yanzu a kamannin na da. Da aka ce masa sabon bodi ya fi son sabon shasi, wato ƙashin ƙarfen da bodi ke zama a kai, sai ya ce a haɗo.

Wannan karon kaya sun fi ƙarfin bakin titi, har sai da suka tare hanya. Opal ta zo da tarakta da tirela.

"Gimbiya, wannan kuma kaji za ki zuba a ciki?"

"Ina dai tunani, Del."

Ranar baje koli ta zo. Fili ya cika, ana gasa masara, ƙungiyar matan coci na sayar da lemo mai ƙanƙara, tsofaffi sun jera kujerun lilo a bayan motocinsu. Sai aka ji ruri daga nesa kamar hadari. Delbert ne. Mota ja wur, ko'ina ƙarfe na walƙiya, in ka kalle ta da rana sai idonka ya yi ruwa. Ya taka totur sau uku, jarirai suka fashe da kuka, wani kare ya shige ƙarƙashin tebur. Ya fito yana murza gashin baki. A gida ma ya riga ya kafa katakon da zai ɗora kofin, har da 'yar fitila a samansa.

Yana cikin karɓar gaisuwar da ba a yi masa ba, sai wata mota ta sulalo filin, injinta na gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Koriya, mai farin rufi. Opal ce ke tuƙi, da ƙyar ake ganin kanta ta saman sitiyari. Marlys na gefenta, ta ɗora gwiwar hannu a taga.

Delbert ya ƙanƙance ido. "Wannan motar kamar na taɓa ganinta."

"Ka taɓa," in ji Marlys. "Gunduwa-gunduwa."

"Sata! Gus, sata ce! Motata ce wannan!"

Opal ta buɗe but ta fito da damin kwalaye an ɗaure da igiya. Kowanne "kyauta" ne a jikinsa, da rubutun Delbert, har da waɗanda ya ja wa layi biyu. Marlys kuma ta ɗaga takardun motar, sunanta ne a kai tun rasuwar mahaifinta.

Gus ya matso. Ya ɗauko tocila da ɗan madubi mai dogon mariƙi ya shiga koriyar motar. Lambar inji ta yi daidai da ta jikin ƙofa. Giya ta 1957. Kujera ta 1957. Ya leƙa kafireta ya ɗago.

"Har da sifirin na asali? Ina kika samo shi?"

"A cikin kwanon karen Del," in ji Marlys.

Aka dawo kan jar mota. Gus ya leƙa sama, ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya zaro 'yar tasar zuba tokar sigari ya juya bayanta. Jama'a sun yi da'ira, masu masara ma sun bar masara tana ƙonewa. Delbert na biye da shi yana zufa.

"Dubi fentin nan, Gus. Fuskarka fa kake gani a ciki."

"Na gani. Bara aka yi shi."

"Injin fa? Doki ɗari huɗu!"

"Dawakin ma bara aka haife su."

"To sitiyarin?"

"Ko ledarsa ba ka gama cirewa ba."

Gus ya miƙe ya kashe tocila. "Jama'a, na duba motar nan daga bamba zuwa bamba. Abu ɗaya na samu na 1957 a cikinta." Delbert ya buɗe ƙirji. Gus ya nuna shi da madubin. "Direban."

Fili ya ɗauki shewa. Delbert ya ga 'yar ƙofa, ya yi wuf ya shiga. "To ai shi ke nan! Akwai na asali a ciki! A rubuta!"

"A'a, alƙali, duba shi da kyau," in ji Marlys daga cikin motar ubanta. "Gwiwar hagu ta ƙarfe ce, shekara uku da sakawa. Haƙoran sama a kofi suke kwana. Abin da ya rage masa na asali gashin bakin ne kawai."

Gus ya miƙa wa Opal kofi da hannun dama. Da hagu ya zaro reza daga aljihun riga. Wani ya kawo kujera, wani ya kawo farin ƙyalle, kurman tsohon nan ya turo kujerarsa gaba-gaba don kada a ba shi labari.

Delbert ya zauna, ido a rufe. Gus ya shafa kumfa, ya ɗaga reza.

"Dakata, Gus," in ji Opal.

Delbert ya buɗe ido ɗaya. Kai, ashe maƙwabtaka ba ƙarya ba ce! Tsohuwar nan za ta cece shi.

Opal ta gyara riƙon kofinta ta ce, "Ka cire shi a hankali, kada ya lalace. In ka gama a ajiye min a bakin titi."