Agogon Malam Tasi'u

Kazage ta ƙasar Birnin Gwari ta yi sa'ar da Zariya ma ba ta yi ba, domin ita ce ta haifi Malam Tasi'u. Kwana uku kacal ya yi a wani taron bita a Kaduna, ya dawo da jaka mai tambari da ilimin da ya fi ƙarfin hularsa. Tun ranar ake ce masa Furofesa Agogo, yana kuwa amsawa.

A teburin mai shayi yake ba da darasi, kyauta.

"Jama'a, kowace ƙwayar halitta a jikinku tana da agogo! Da rana wasu sinadarai biyu, Kilok da Bimal, su ke riƙe da gari. Su ne ke sa a ƙera Fer da Kirai. Waɗannan in sun taru da yamma, sai su kutsa ciki su kwance wa na farkon ɗamara. Kafin asuba su watse, a sake lale. Hasken safiya da ya shiga ido shi ke saita komai."

Hammadu makiyayi ya ajiye kofinsa a tsorace. "Malam, su Fer ɗin nan, ta wane daji suke shigowa? An gaya wa 'yan sa-kai?"

Furofesa ya yi murmushin tausayi. Allah sarki, zama cikin jahilai akwai wuya!

Ana nan sai aka kira shi ganawar ɗaukar aiki a Kaduna, aikin wayar da kai kan lafiya, aikin da ya shekara yana mafarki. Motoci kuwa ƙarfe bakwai suke tashi daga Birnin Gwari tare da rakiyar jami'an tsaro. Wanda ya makara sai gobe, ganawar kuma ba ta da gobe.

Mutum irin Furofesa ai ba ya saita ƙararrawar waya. Ya kashe ta ma gaba ɗaya. Ya rufe tagogi da baƙin bargo, wai kada hasken ƙwan lantarkin maƙwabta ya dagula masa sinadarai. Ya kuma ja wa matarsa Saude kunne: "Duk wanda ya tashe ni ya ci mutuncin kimiyya."

Ya yi asuba, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa minti goma. Rana ta fito, ta zo bakin taga, ta tarar da bargo.

Ƙarfe tara da rabi ya fito tsakar gida, takalmi ɗaya a hannu, ido jawur.

"Saude! Motoci fa?"

Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Sun yi nisa, Furofesa. Na zo bakin ƙofa har sau biyu, sai na tuna da mutuncin kimiyya."

"To wa ya tafi?"

"Kowa. Har shanun Hammadu sun wuce kiwo tun bakwai saura, kamar kullum. Su da ko bita ba su je ba."